Mako ɗaya a Florida, shekara shida ana biya: yadda wani magidanci ya fita daga kwangilar masaukin hutu

Wanda abin ya shafa

Magidanci ne ɗan asalin Zariya, yana zaune a jihar Maryland ta Amurka da matarsa da 'ya'ya uku. Da rana yana tuƙa motar kai marasa lafiya asibiti, da dare da ƙarshen mako kuma yana haya da motarsa ta Uber. Matar tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Abin da su biyun ke samu a shekara bai kai dala 70,000 ba kafin a cire haraji, kuma a ciki ake biyan hayar gida, a aika wa mahaifiyarsa na cefane, a biya wa ƙanne kuɗin makaranta a gida. A 2016 ba wanda ke bin su bashi mai nauyi. Makin kiredit ɗinsa, wato lambar da bankunan Amurka ke dubawa kafin su ba mutum rance, yana wajen 720, kuma wannan maki ne mai kyau. Suna tarin kuɗin sayen gida.

Abin da ya saya shi ne taimshiya. Kamfani kan gina rukunin ɗakunan hutu a wurin yawon buɗe ido, ya yanka shekarar kowane ɗaki mako-mako, ya sayar wa mutane daban-daban, har ɗaki guda ya samu masu shi wajen hamsin. Mai saye zai biya kuɗin makonsa, galibi da rancen da kamfanin ne da kansa ya ba shi. Bayan wannan akwai kuɗin kula da gini duk shekara: gyare-gyare, inshora, haraji, albashin ma'aikata. Shi wannan ba ya da ranar ƙarewa. Ko mutum ya je ko bai je ba sai ya biya, kuma ba shi ke yanka adadin ba. Yankin Orlando a jihar Florida, inda wurin shaƙatawa na Disney World yake, yana cikin wuraren da wannan kasuwa ta fi ƙarfi a duniya.

Yuli 2016: ranar sa hannu

Iyalin sun je Orlando hutun bazara. A harabar otal ɗin da suka sauka aka yi musu tayin tikitin wuraren wasa a rabin kuɗi, da sharaɗin mata da miji su halarci bayanin minti casa'in a wani masauki da ke gundumar Osceola. Sun shiga da hantsi, ba su fito ba sai bayan la'asar.

An zaga da su ɗaki mai ciki biyu da falo da kicin, ga wurin ninƙaya ga filin wasan yara. Dillalin farko ya sa dala 34,000. Da suka ce ya fi ƙarfinsu, aka kira manaja, ya ce akwai wani mako da mai shi ya mayar, za a bar musu a dala 21,000, amma farashin na yau ne kaɗai. Da baki aka faɗa musu abubuwa biyar: cewa darajar makon tana hawa kamar ta fili, cewa kamfani zai saye shi in sun gaji, cewa kuɗin haya zai riƙa biyan kuɗin kula da gini, cewa za su iya musanya makon da wani a Dubai, da cewa 'ya'yansu za su gada. Maganar fili ce ta fi shigarsa. Ya taso ya ga wanda ya sayi fili a bayan gari bai taɓa yin kuka ba.

Ya nuna damuwa a kan kuɗin ruwa, don bai so ya shiga riba. Aka ce masa ai cikin 'yan watanni zai iya biyan bashin duka, ko ya mayar da shi bankinsa a kan ruwa kaɗan.

Ga abin da takarda ta ƙunsa. Kafin alƙalami dala 2,100, da katin banki. Rancen dala 18,900 na shekara goma, ruwa kashi 15.9 cikin ɗari, biyan wata dala 315. In aka bi shi har ƙarshe, kuɗin ruwa kaɗai zai kai kusan uwar kuɗin, jimla ta doshi dala 40,000. Makon ba tsayayye ba ne, sai an nema duk shekara an ga ko akwai gurbi. Mallakar ta har abada ce, da sunan miji da mata, kuma an jinginar da ita ga kamfanin har a gama biya. A cikin shafukan akwai wani sakin layi da ke cewa duk abin da dillali ya faɗa da baki ba ya cikin yarjejeniya. Sun sa hannu a gefensa kamar yadda suka sa a sauran, yara na kukan yunwa.

Kwana goman farko

Dokar Florida, a babi na 721, ta ba duk wanda ya sayi taimshiya daga kamfani kwana goma ya janye ba tare da ya faɗi dalili ba. Ana ƙirgawa daga ranar sa hannu ko ranar da ya karɓi dukkan takardun da doka ta wajabta a ba shi, duk wadda ta zo daga baya. Ba mai iya sa shi ya yafe wannan haƙƙi. Sharaɗin kawai shi ne janyewar ta kasance a rubuce, kuma in ta gidan waya aka aika, ranar da ke kan tambarin wasiƙar ce abin lura. Kowace jiha da nata wa'adin: Nevada kwana biyar, Kalifoniya kwana bakwai.

A kwana na uku, sun dawo Maryland, matar ta zauna da biro ta haɗa lissafi. Ta ce masa, "Maigida, wannan abu ya fi hayar ɗakin da muka sauka tsada, mu mayar musu." Ya kira dillalin a waya. Dillalin ya ce kowa kan ji haka a makon farko, ya bari ya yi magana da manaja zai kira shi. Bai kira ba. Magidancin ya sake kira a kwana na takwas, aka ce dillalin yana hutu. Shafin da ke bayanin janyewa, da adireshin da za a aika wasiƙa, yana cikin jakar takardun da aka ba su, jakar kuwa tana cikin akwatin tafiya ba a buɗe ba. Ranar da ya buɗe ta sati uku sun wuce.

2017 zuwa 2018: nauyin ya fara bayyana

Takardar kuɗin kula da gini ta farko ta zo a ƙarshen 2016: dala 890 na shekarar 2017. A Agustan 2017 iyalin suka je suka yi mako guda. Shi ke nan zuwan da suka taɓa yi.

A Satumban 2017 guguwar Irma ta ratsa Florida. A 2018 kuɗin shekara ya koma dala 945, aka kuma ɗora wa kowane mai mako ƙarin dala 400 na gyaran rufi da abin da inshora ba ta biya ba. Da ya nemi gurbi a hutun makaranta, aka ce ya cika, sai dai Satumba ko Janairu, lokacin da yara ke aji. Batun Dubai kuwa sai mutum ya yi rajista da kamfanin musaya, ya biya kuɗin shekara, ya biya kuɗin kowace musaya, sannan a ga ko akwai gurbi. Bankinsa ya ƙi karɓar bashin, don bankuna ba su cika amsar taimshiya a matsayin jingina ba.

Akwai kuma abin da bai lissafa ba ranar saye. Hutunsa na shekara mako biyu ne zuwa uku, kuma duk shekarar da kuɗin jirgi ya samu, gida yake zuwa ya ga mahaifiyarsa. A 2018 can ya tafi. Makon Florida ya wuce ba wanda ya kwana a ɗakin.

2019: neman mai saye

A Janairun 2019 ya kira kamfanin ya tuna musu alkawarin sayen makon. Aka ce babu wannan a kwangila. Maimakon haka aka gayyace shi wani taron masu mallaka, inda aka ce maganin matsalarsa shi ne ya ƙara kuɗi ya koma tsarin maki, inda mutum ke sayen makin kama ɗaki maimakon mako, wanda ya fi sauƙin samun gurbi. Ƙarin zai kai dala 14,000. Matar ta ƙi sa hannu, maganar ta mutu.

A Maris wani kamfanin talla ya kira shi ya ce akwai masu neman irin makonsa, ya biya dala 799 a sa shi a kasuwa a kan dala 19,500. Ya biya. An sa hoton ginin a shafinsu na intanet, ba wanda ya taya. Daga baya ɗansa na fari ya nuna masa eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, inda ake tallan makonni a wannan yanki a kan dala ɗaya, wasu ma mai sayarwa ne zai biya kuɗin sauya suna don dai a rabu da shi. Dalilin a fili yake. Kaso mai yawa na farashin kamfani kuɗin talla ne da kyaututtuka da la'adar dillalai, kuma masu neman fita sun fi masu neman shiga yawa. Nasa ma ya fi na dala ɗayan wuya, domin akwai jingina a kansa. Ko kyauta ya bayar, ba za a sauya suna ba sai an biya bashin.

Ya samu ya ba wani abokin aikinsa hayar makon 2019 a dala 700. Kuɗin kula da gini na shekarar dala 1,010 ne.

2020: korona da kamfanin fitarwa

Zuwa Maris 2020 ya biya wajen dala 13,500 a kan rancen, amma uwar kuɗin ba ta ragu da fiye da dala 3,700 ba. Saura duk ruwa ya cinye. A wannan watan korona ta rufe gari, Disney World ma ta rufe har zuwa Yuli. Aikin Uber ya tsaya cik, asibitoci suka ɗage ganin marasa lafiyar da ba na gaggawa ba, aka rage masa awannin aiki. Kamfanin Florida ya ɗaga masa biyan wata uku, ruwa na ci gaba da taruwa. Ya koma biya a Yuli da ƙyar.

A Oktoba ya ji tallar wani kamfani a rediyo, masu cewa aikinsu fitar da mutane daga taimshiya. Wakilinsu ya yi masa magana mai daɗi, ya nuna ya san duk abin da aka faɗa masa a Orlando kamar yana wurin. Ya kuma tsorata shi da cewa in ya mutu, 'ya'yansa ne za su gaji wannan biya har ƙarshen rayuwarsu. Kuɗin aiki dala 5,200, a biya gaba ɗaya tun farko, da alkawarin in ba a fita cikin wata goma sha takwas ba za a mayar masa. Ya ciro daga tarin sayen gida ya biya, rabi da kati, rabi ta turawa daga asusu. Bai gaya wa kowa ba sai matarsa, ita ma bayan ya biya.

Sun ba shi umarni biyu: ya daina biyan kamfanin Florida ko sisi, kuma kada ya ƙara amsa wayarsu ko wasiƙarsu. Ya sa hannu a takardar wakilci, suka aika wa kamfanin Florida wasiƙa cewa daga yau duk magana ta bi ta hannunsu. Daga Nuwamba 2020 ya daina biya.

2021: shekarar da ba a biya ba

Watannin farko sun yi masa daɗi, dala 315 tana zama a aljihu. Duk sanda ya kira kamfanin fitarwa sai a ce lauyoyi suna kan aiki.

Kamfanin Florida kuwa ya kai rahoton rashin biya ga hukumomin kiredit. A Yuni motarsa ta aiki ta lalace, ya je neman wata, mai sayar da motar ya duba ya ce makinsa ya faɗo ƙasa da 570, ba zai samu rance ba sai a kan ruwa mai tsanani. Makin matar ma ya faɗi, tunda sunanta na kan kwangilar. A Yuli wasiƙar rajista ta zo cewa za a fara shirin ƙwace makon. A Agusta lambar kamfanin fitarwa ta daina shiga. Da ya tattara abin da suka yi masa a wata goma, wasiƙa biyu ce, kuma daga gani irin wadda ake sauya suna kawai a aika wa kowa ce. Garin neman gira an rasa ido.

Ya nemi bankinsa ya dawo masa da rabin da ya biya da kati, aka ce lokacin ƙorafi ya wuce. Na turawa daga asusu kuwa ba a ma saurare shi ba. Ya kai ƙara ofishin Antoni Janar na jiharsa da Hukumar Kasuwanci ta Tarayya, FTC. An ba shi lambar ƙara, kuɗi dai ba su dawo ba.

Ba shi kaɗai irin wannan ya samu ba. A 2020 Antoni Janar na jihar Washington, Bob Ferguson, ya maka kamfanin Reed Hein, mai aiki da sunan Timeshare Exit Team, a kotu kan yaudarar masu neman fita, kuma a Satumban 2021 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 2.61. A Nuwamban 2022 hukumar FTC da jihar Wisconsin suka shigar da ƙarar wasu kamfanonin da ake zargi sun karɓe sama da dala miliyan 90, galibi daga hannun tsofaffi. Kamfanin da ya ci kuɗin magidancin nan ba ya cikin waɗannan, ƙarami ne, ya ɓace ba a ji ɗuriyarsa ba.

A Satumba wani ya kira shi ya ce shi dillali ne, akwai attajiri a Meziko da zai sayi makon a dala 28,000, sai dai a fara tura dala 2,900 na haraji. Har takardu masu hatimi aka turo masa. Wannan karon ya nuna wa matar kafin ya taɓa kuɗi, ta tambaye shi yadda za a yi mai hankali ya ba da 28,000 a kan abin da ake bayarwa a dala ɗaya. Bai tura ba. Daga baya, a 2024, hukumomin Amurka, ciki har da FBI, sun bayyana cewa tsakanin 2019 da 2023 mutum wajen 6,000 sun kai rahoton asarar kusan dala miliyan 300 ga irin wannan damfara da ake kitsawa daga Meziko, kuma sun danganta ta da ƙungiyoyin masu fataucin ƙwaya.

Oktoba 2021: zama da lauya

Bayan wata sallar Juma'a ya keɓe da wani dattijo ɗan ƙasarsu, akanta ne da ke cika wa jama'a takardun haraji, ya kwashe labarin duka ya gaya masa. Shekara biyar ke nan da saye, kuma wannan ne karon farko da wani a wajen gidansa ya ji. Dattijon ya ce, "Ƙanena, kawo min duk takardar da ke hannunka, har ambulan." Suka jera su bisa kwanan wata, suka haɗa lissafi. Uwar kuɗi dala 15,300, ruwan shekara guda wajen 2,450, kuɗin kula da gini na 2021 dala 1,120, tarar jinkiri wajen 530. Jimla dala 19,400, ta haura abin da ya ranta a 2016.

Dattijon ya sa shi ya nemi lauya mai lasisin aiki a Florida, ya tabbatar da lasisin a rajistar ƙungiyar lauyoyin jihar, kuma ya biya kuɗin zama ɗaya kawai. Dala 350, awa guda ta bidiyo. Lauyar ta karanta kwangilar kafin zaman, ta shimfiɗa masa hanya uku.

Ta farko, ya kai ƙara cewa an yaudare shi. Ta ce ba shi da shaida ko ɗaya a rubuce, ga sa hannunsa a gefen sakin layin da ya soke maganar baki, kuma kuɗin shari'a zai iya fin bashin.

Ta biyu, ya bari a ƙwace. Tun 2010 Florida ta ba da damar ƙwace taimshiya ta hannun wani amintacce ba tare da zuwa kotu ba, kuma dokar ta ce in mai mallaka bai ƙalubalanci wannan hanya ba, ba za a bi shi cikon kuɗi ba ko da gwanjon bai biya bashin ba. Wannan hanya ba ta buƙatar ya fitar da ko dala. Amma tabon ƙwace kadara zai zauna a kiredit ɗinsu su biyu shekara bakwai, kuma masu ba da rancen gida suna ƙyamarsa ƙwarai.

Ta uku, ya koma wa kamfanin da kansa ya nemi sulhu: ya biya wani kaso a dunƙule, ya mayar musu da takardar mallaka, su yafe saura. Ta ce manyan kamfanoni da dama suna da sashen karɓar makonni daga masu son fita, sai dai sun fi karɓar wanda ya gama biyan rance kuma ba a bin sa kuɗin shekara. Mai bashi irinsa sai ya nuna da hujja cewa ba zai iya ba.

Ta kuma warware masa maganar gado. A dokar Amurka magaji yana da ikon ƙin karɓar abin da aka bar masa, in ya yi hakan a rubuce cikin lokaci. Ba mai tilasta wa 'ya'yansa ɗaukar makon da sunansu ba ya kai.

Ya zaɓi ta uku. Dalilinsa biyu ne: har yanzu suna son sayen gida, kuma bai yarda ya bar bashi a wuyansa ya ce doka ta kare shi ba.

Nuwamba 2021 zuwa Afrilu 2022: sulhu

Matakin farko shi ne soke takardar wakilcin da ya ba kamfanin fitarwa. Sai a nan ya gane cewa wasiƙarsu ce ta toshe ƙofa, domin tun da ta isa, ma'aikatan kamfanin Florida ba su da izinin tattauna sulhu da shi kai tsaye. Ya aika sokewar ta wasiƙar rajista, ya ajiye rasit.

Sannan ya rubuta wasiƙa shafi ɗaya zuwa sashen masu mallaka. Bai zagi kowa ba, bai ambaci yaudara ba. Ya faɗi abin da yake samu kafin korona da abin da yake samu yanzu, ya haɗa da takardun albashi na wata uku, da takardun haraji na shekara biyu, da lissafin abin da gida ke ci duk wata. Ya rufe da buƙata ɗaya: yana so ya mayar da makon a rufe asusun. Ya buɗe littafi yana rubuta ranar kowace waya da sunan wanda ya amsa da abin da aka ce, kuma duk tayin da aka yi masa a waya sai ya ce a turo a rubuce.

A Disamba suka ce za su rage ruwa zuwa kashi 12 su shimfiɗa bashin a sabuwar shekara goma. Ya ƙi, domin wannan ba fita ba ce. A Janairu suka ce ya kawo dala 12,000. Ya amsa cewa abin da zai iya haɗawa 7,500 ne, ya nuna daga inda za su fito. Aka yi shiru mako biyar, wasiƙun barazanar ƙwacewa kuma ba su daina zuwa ba, don sashen da ke aika su daban ne. A ƙarshen Fabrairu aka tsaya a dala 9,000, da 250 na aikin takardu. Daga ciki 1,120 ta tafi ga kuɗin kula da gini na 2021, aka yafe na 2022 da tarar jinkiri.

Lauyar ta duba yarjejeniyar a kan dala 600, ta sa aka ƙara abu biyu da babu su a rubutun farko: cewa sulhun ya shafi rancen da kuɗin shekara duka, da cewa ya wanke miji da mata, ba miji kaɗai ba.

Kuɗin sun fito ta hanya uku. Ya sa yayansa ya sayar masa da wani filinsa a bayan garin Zariya a naira miliyan uku, lokacin dala tana wajen naira 570 a kasuwar bayan fage, ya samu kimanin dala 5,200. 'Yan adashinsu suka yarda ya yi ɗauka kafin layinsa, dala 3,000. Matar ta cika sauran daga albashinta. Ba a ci sabon bashi mai ruwa ba.

A Maris suka sa hannu a takardar mayar da mallaka a gaban jami'in shaida. A Afrilu ya duba rajistar filaye ta gundumar Osceola ta intanet, ya ga an shigar da sauyin suna da takardar sakin jingina. Ya buga kwafi, ya haɗa da wasiƙar kamfanin mai cewa ba a bin su komai.

Bayan fita

A ƙarshen 2022 takardar kuɗin kula da gini ba ta zo ba. A farkon 2023 wata takardar haraji ta zo, 1099-C, mai nuna an yafe masa wajen dala 7,400. A Amurka bashin da aka yafe ana lissafa shi cikin kuɗin shiga, sai in mutum ya nuna bashinsa ya fi dukiyarsa a lokacin. Shi bai cika wannan sharaɗi ba, harajinsa ya ƙaru da kimanin dala 1,400. Dattijon ya riga ya gargaɗe shi, ya tanada.

Rahoton kiredit ya nuna an rufe asusun da ƙasa da abin da ake bi. Watannin da bai biya ba za su zauna a rahoton har wajen ƙarshen 2027. Zuwa ƙarshen 2023 makinsa ya hau zuwa wajen 670. Har lokacin ba su sayi gidan ba.

In aka haɗa komai, daga kafin alƙalami zuwa harajin ƙarshe, aka cire dala 700 ta haya, abin ya ci wajen dala 38,000. Dare bakwai suka kwana a ɗakin.

Abin da ya gaza, abin da ya yi aiki

A ganina asara mafi girma ta faru ne a kwana na uku, ba a ranar sa hannu ba. Wanda aka tsare awa shida da yara masu yunwa, ƙwararru suna karɓa-karɓa a kansa, ba abin mamaki ba ne in ya sa hannu, kuma saboda haka ne ma doka ta ba da kwana goma. Matar ta gano matsalar a kan lokaci. Abin da ya rage shi ne wasiƙa mai layi uku da kuɗin gidan waya. Ya kira dillali, mutumin da la'adarsa ta dogara ga kada a janye, kuma waya ba ta da matsayi a wannan doka.

Neman mai saye ya gaza ne don babu kasuwar. Ya ɗauki makon a matsayin fili, alhali abin da ya saya alkawarin biyan kuɗi ne duk shekara, kuma ba mai sayen alkawarin biya. Abin da ya fi yi min ciwo a lamarin nan shi ne filin gaske, wanda darajarsa ke hawa, shi aka sayar don a rabu da wanda ba ya da daraja.

Kamfanin fitarwa ya fi kowa yi masa illa, kuma dala 5,200 ita ce ƙaramar ɓarnarsu. Umarnin daina biya ya ƙara masa bashin wajen dala 4,000, ya rusa kiredit ɗin mutum biyu, wasiƙarsu kuma ta raba shi shekara guda da waɗanda kaɗai ke da ikon sakinsa. Gaskiya ne cewa kamfanin Florida ya fi saurin sassauci ga wanda ya riga ya kasa biya, don haka wani zai ce rashin biyan ya taimaka. Ko da haka ne, wannan shawara ce da mutum zai yanke da idonsa a buɗe bayan lauya ya gaya masa farashinta, kuma ba ta buƙatar a biya kowa dubban daloli.

Sulhun ya yiwu ne domin ya zo daidai da lissafin kamfanin. Ƙwacewa tana cin musu lokaci da kuɗi, kuma a ƙarshe makon kawai za su samu. A sulhu sun samu dala 9,000 a hannu, ga makon ya dawo su sake sayar wa wani a farashin kamfani. Takardun albashi da na haraji sun nuna musu ba abin da za su ƙara tatsa. Wannan ya sa wasiƙa mai sanyi da hujja ta yi abin da barazanar lauyoyin bogi ba ta yi ba.

Hanyar da ya bi ba ita ce daidai ga kowa ba. Wanda ba ya shirin neman rancen gida, kuma ba shi da abin da zai sayar, barin a ƙwace a ƙarƙashin dokar Florida zai iya fi masa sauƙi da dala dubu tara. Wanda ya gama biyan rance kuwa sau da yawa yakan mayar da makon da kuɗi kaɗan, in ya kira sashen da ya dace tun kafin a fara bin sa kuɗin shekara. Kuma dokar jihar da ginin yake ita ke aiki, ba ta jihar da mai mallaka ke zaune ba.

Akwai kuma shekara biyar da ya yi yana ɓoye maganar. Kunya ce ta hana shi faɗa, kunyar a ce ya ci bashi da ruwa don hutu alhali ana jiran aikensa a gida. Duk kuɗin da ya zuba wa masu talla da masu fitarwa a cikin wannan shirun ya zuba su. Daga ranar da ya buɗe wa dattijon jakar takardu zuwa ranar da sunansa ya fita daga rajistar Osceola wata shida ne, kuma abin da lauya ta ci duka dala 950.